Maƙwabci a Gaban Dokar Ƙasa: Ƙungiyoyin Unguwa da Sauya Amfanin Filaye a Birnin Kano

Tsakure

Ƙungiyoyin cigaban unguwa a Kano sun ƙware a aikin gayya, amma da wuya su yi nasara idan rigima ta shafi fili: gidan zama da aka mayar wurin biki, kududdufi da aka cike, ko harabar makaranta da aka yanka shaguna. Wannan takarda ta bi diddigin dalilin haka ta hanyar nazarin dokokin ƙasa da na tsara birane, da wasu hukunce-hukuncen kotu, da fiƙihun gini na mazhabar Malikiyya da aka yi aiki da shi a ƙasar Hausa kafin zuwan Turawa. Hujjarta ita ce tsarin yanzu ya mayar da izinin gini magana tsakanin mai fili da hukuma su kaɗai, maƙwabci ba ya jin labari sai an haƙa tushe. Takardar ta kuma tambayi su wa ƙungiyar ke magana da yawunsu, tunda 'yan haya da mata ba kasafai ake ganinsu a taronta ba.

1. Gabatarwa

Da wuya a sami unguwa a Kano, daga Kurna zuwa Sheka, daga Ɗorayi zuwa Hotoro, wadda ba ta da ƙungiyar masu kishin unguwa. Wata tana da rajista da hatimi da sakatare, wata kuwa dattawa ne kawai da ke zama a kan tabarma bayan sallar isha'i. Aikinsu sananne ne. Su ke tara kuɗin gyaran taransifoma idan ta ƙone, su ke kiran gayyar yashe kwata kafin damina ta faɗi, su ke biyan 'yan sintiri, su ke katange maƙabarta. A irin waɗannan ayyuka sun fi ƙaramar hukuma kusa da jama'a, kuma ba na jin akwai mai musun haka.

Amma da zarar magana ta koma kan ƙasa, sai ƙarfinsu ya ƙare. Ƙungiyar da ta iya tara miliyoyi ta sayi taransifoma ba ta iya hana a kafa gidan mai a jikin katangar makarantar Islamiyya. Amsar da aka saba bayarwa ita ce mai kuɗi ya sayi jami'i. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, sai dai ba ta gamsar ba, domin ko da kowane jami'i waliyyi ne, hanyar da takardar izini ke bi daga farko har ƙarshe ba ta ratsa ta ƙofar maƙwabci. Wannan shi ne abin da takardar ke son nunawa.

2. Yadda abin ke faruwa a layi

Duk wanda ya zauna a unguwannin Kano ya san yadda labarin ke tafiya, domin salonsa ɗaya ne. Mai gida ya rasu. Magada sun yi yawa, gida ba ya rabuwa, sai a ba dillali. Wanda ya saya ba ɗan unguwa ba ne, ba a ma san fuskarsa ba. Gida ya yi watanni a kulle. Wata safiya sai tifa ta sauke yashi a bakin layi, kafin la'asar an kewaye wurin da kwano. Dattijon da ke katanga ɗaya da gidan ya leƙa ya yi sallama ya ce da shugaban leburori, “Malam, me za a tayar a nan?” Shi kuma ya ce, “Wallahi Baba, mu aiki aka ba mu, sai dai a tambayi injiniya.” Injiniya kuwa ba ya zuwa sai da hantsi, lokacin da masu tambaya duk sun tafi kasuwa.

Ba a gane inda ginin ya dosa sai an kai linta, an ga ƙofofi jere suna kallon titi, ko an ga ɗaki guda makeke babu bango a tsakiya. A nan ne ƙungiya ke zama. A tashi wakilai su je wurin mai unguwa: “Ranka ya daɗe, wannan abu idan ya tabbata, ba mu ba barci, motoci kuma za su toshe mana layi.” Mai unguwa ya numfasa ya ce, “Yadda kuka gani haka na gani. Takardarsa daga sama take.” Sai a rubuta ƙorafi zuwa hukuma, a aika kofe ga hakimi da ɗan majalisa, wani matashi ya kai maganar gidan rediyo. Wani lokaci a zo a shafa jan fenti, aiki ya tsaya na 'yan makonni. Daga nan mai gini ya fito da takardunsa, ko a zauna sulhu, ya ɗauki alkawarin gyara kwatar layin ko haƙa rijiyar burtsatse, magana ta mutu.

Abin lura shi ne kafin tifar farko ta iso, an riga an yanke hukunci uku: an amince da cinikin, an amince a sauya abin da aka ware filin dominsa, an amince da zanen gini. Babu ɗaya daga cikinsu da aka yi a gaban mutanen layin. Lokacin da suka tashi, mai gini ya riga ya zuba dukiya, maganin da ya rage kuma shi ne rusau. Rusau abu ne mai nauyi wanda ba kowane mai sulhu ne zai so a yi da hannunsa ba, don haka tausayi kan karkata wajen wanda ya kashe kuɗi. Ƙorafin ƙungiya, komai ingancinsa, ya zama ihu bayan hari.

3. Daga haƙƙin maƙwabtaka zuwa izinin gwamna

Ba haka abin yake ba tun asali. Birnin da ke cikin ganuwa, wadda tarihin Kano ya ce Sarki Gijimasu ne ya fara ta a ƙarni na 12, Muhammadu Rumfa (1463–1499) kuma ya faɗaɗa ta, bai san raba unguwar zama da unguwar sana'a ba. Dukawa da Soron Ɗinki da marinar Ƙofar Mata shaida ne cewa mutum na aiki ne a inda yake kwana. Abin da ake kiyayewa shi ne cutarwa. Ba ka kafa indararo ya zuba a gidan wani. Ba ka haƙa masai a gindin katangar maƙwabci ko kusa da rijiyarsa. Ba ka buɗe taga tana kallon tsakar gidan mutane, kuma mai hawa soro ko bishiya sai ya ɗaga murya ya sanar, domin matan maƙwabta su kimtsa.

Waɗannan ba al'ada ce kawai ba, suna da tushe a littattafan fiƙihu. Ibn al-Rami, magini kuma masanin shari'a da ya rayu a Tunis a ƙarni na 14, ya tattara hukunce-hukuncen Malikiyya a kan hayaƙin gidan burodi, da warin majema, da girgizar dutsen niƙa, da ƙofar da ke fuskantar ƙofar wani, da cin hanya. A ƙasarmu, Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Ta'limur Radi a kan hanyoyin mallakar ƙasa, alƙalin Gwandu Idrisu ɗan Halidu kuma ya tattara wa alƙalai mas'alolin da suka haɗa da rigingimun gini da maƙwabtaka. Besim Hakim da Zubair Ahmed sun yi nazarin irin waɗannan rubuce-rubuce a wata maƙala da suka buga a 2006. Abin da ya shafe mu a nan shi ne, a wannan tsari maƙwabci shi ne mai ƙara. Ba ya buƙatar ya nuna cewa an saɓa wa wani zane da ke ajiye a ofis, ya isa ya nuna cewa hayaƙi na shiga ɗakinsa.

Kada a ɗauka ina cewa zamanin da babu zalunci. Attajiri ko bafade na iya danne talaka a jiya kamar yadda yake yi a yau. Haka kuma shufu'a, wato haƙƙin fifiko wajen sayen abin da za a sayar, a Malikiyya ta abokin tarayya ce a dukiyar da ba a raba ba. Hanafiyya ce ta miƙa ta har ga maƙwabci. Saboda haka masu cewa shari'a ta ba mutanen layi ikon zaɓen wanda zai sayi gida a cikinsu sun wuce gona da iri. Abin da ta ba su shi ne ikon hana cuta, kuma a gaban alƙalin da ke iya takowa da ƙafarsa ya ga wurin.

Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, sai aka shigo da wani tunani. Dokar ƙasa ta 1910, wadda aka sabunta a 1916, ta sanya ƙasar Arewa a ƙarƙashin ikon gwamna. Dokar garuruwa ta 1917 ta ware yankin Turawa, aka bar fili mai faɗin yadi 440 babu gini tsakaninsa da mazaunin 'yan ƙasa, wai don kiyaye lafiya. Nasarawa da Bompai suka zama na Turawa da kamfanoninsu, Sabon Gari na baƙi daga kudu, birni kuma ya ci gaba da zama a hannun En'e. Ta haka aka zana wa Kano yankuna a kan takarda, kuma manufar zanen ita ce raba mutane. Dokar tsara birane ta 1946, wadda aka kwaikwayo daga ta Ingila ta 1932, ta ƙara kafa wannan tunani: hukuma ke zana tsari, mai gini ya nemi izini wurinta.

Dokar mallakar ƙasa ta Jihar Arewa ta 1962 ta gaji wancan tsari, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 kuma ta shimfiɗa shi a kan Nijeriya baki ɗaya. Sashe na 1 ya damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Sashe na 5 ya ba shi ikon bayar da haƙƙin zama, na 22 ya ce ba a sayarwa ko jinginarwa sai da yardarsa, na 28 ya ba shi ikon ƙwacewa domin maslahar jama'a. Sashe na 39 kuma ya mayar da shari'ar filin da ke da takardar gwamna zuwa babbar kotu, inda sai da lauya da kuɗi da haƙuri. An kuma cusa dokar cikin tsarin mulki, ta yadda gyara ta sai an bi hanyar gyaran tsarin mulkin kansa. Mutum zai karanta ta daga farko har ƙarshe bai ci karo da inda aka ce a sanar da maƙwabci ba. Mutum biyu ta sani, gwamna da mai riƙe da fili.

4. Ƙofar da aka buɗe a 1992

Dokar tsara birane da yankuna ta 1992, wato doka ta 88 ta mulkin soja, ta yi ƙoƙarin gyara wani abu. Ta tanadi hukumomin tsari a matakin tarayya da jiha da ƙaramar hukuma. Ta ce a baje daftarin tsari jama'a su gani su kawo suka a rubuce. Ta buƙaci rahoton tasirin muhalli ga manyan gine-gine, ta kuma kafa kotun musamman ta sauraron ƙorafi. A 2003 Kotun Ƙoli, a ƙarar da Jihar Legas ta shigar a kan gwamnatin tarayya, ta yanke cewa tsara birane hurumin jihohi ne, ikon tarayya a wannan fanni bai wuce Abuja ba. Ma'anar wannan ga ƙungiyar unguwa a Kano ita ce duk abin da take nema yana Majalisar Dokokin Jiha da Ma'aikatar Ƙasa da hukumar tsara birane ta KNUPDA, wadda ta gaji KASEPPA. Ba sai an je Abuja ba. Wannan dama ce da ƙungiyoyi ba su yi amfani da ita yadda ya kamata ba.

Sai dai ko dokar 1992 ta fi mayar da hankali ne ga babban tsari na gari, alhali ba a nan ake cin unguwa ba. Tsarin da wani masanin tsara birane, Trevallion, ya zana wa Kano na shekara ashirin ne, 1963 zuwa 1983, birnin kuwa ya daɗe da tsallake iyakar da aka yi masa. A ƙidayar 2006 ƙananan hukumomi takwas na birnin, wato Birni da Dala da Gwale da Fagge da Nasarawa da Tarauni da Kumbotso da Ungogo, sun kai kimanin mutum miliyan 2.8. Unguwa na canjawa ne fuloti bayan fuloti, ta hanyar takardar sauya amfani da fili da kuma yankan gefen titi da harabar ma'aikatu. Wanda ya san titunan Nasarawa a da, ya kuma bi su yau, zai ga yadda gidaje masu lambu suka koma asibitoci da makarantu da rukunin shaguna, ba tare da an taɓa tara mazauna wurin an ce musu an sauya wa unguwarsu matsayi ba.

A unguwannin awon igiya kuma matsalar wata ce daban. Manomi ko magadansa sun kira mai awo, an yanka gona fuloti-fuloti, an bar layi iya wucewar amalanke, mai unguwa da shaidu sun sa hannu a takardar ciniki. Babu filin makaranta, babu na asibiti, babu na maƙabarta, sai wanda wani bawan Allah ya bayar wakafi. A nan babu ma zanen hukuma da ƙungiya za ta ce an saɓa wa. Mafi muni, mai ƙorafin kansa ba shi da izinin gini, don haka yana tsoron kiran hukuma kada jan fentin ya biyo ta ƙofarsa. Da yawa daga shirun da ake ɗauka na rashin kishi ne, wannan tsoro ne ke haifar da shi.

5. Abin da kotu ta nuna

Akwai hukunci guda da ya kamata kowace ƙungiyar unguwa a Nijeriya ta sani. Mazauna rukunin gidaje na Ire-Akari da ke Isolo a Legas sun kai ƙarar kamfanin sufuri na Interland Transport, saboda tirelolinsa na toshe musu hanya, suna lalata titi, suna hana su sakat da ƙara. Kamfanin ya kafa hujja da tsohuwar ƙa'idar Ingila, cewa cutar da ta shafi jama'a baki ɗaya Babban Lauyan Gwamnati ne kaɗai ke iya shigar da ƙara a kanta. A 1991 Kotun Ƙoli ta ce tsarin mulkin 1979 ya kawar da wannan shinge, mutanen da abin ya shafa na iya zuwa kotu da kansu. A 2018 kotun ta ƙara sassautawa a ƙarar da wata ƙungiyar sa ido kan gurɓatar mai ta shigar a kan kamfanin NNPC, inda ta yarda ƙungiya mai zaman kanta ta tsaya wa jama'a a sha'anin muhalli.

Wannan hanya tana da amfani, amma tana da iyaka. Ƙarar cutarwa sai cutar ta bayyana ake shigar da ita, wato sai wurin bikin ya buɗe, kiɗa ya fara. Sannan mutanen Ire-Akari sai da suka bi matakan kotu uku kafin su ga ƙarshen magana. Ƙungiyar da ke tara naira ɗari biyar-biyar a ƙofar masallaci ba za ta iya wannan doguwar tafiya ba.

Misali na biyu daga Kano yake, ko da yake na 'yan kasuwa ne. A watan Yunin 2023, kwanaki kaɗan bayan rantsar da Gwamna Abba Kabir Yusuf, gwamnati ta rushe gine-ginen da ta ce gwamnatin da ta gabata ta bayar da filayensu ba bisa ƙa'ida ba, ciki har da na tsohon otal ɗin Daula da shagunan Filin Idi. Masu shagunan Filin Idi sun je Babbar Kotun Tarayya da sunan amintattun ƙungiyarsu mai rajista, kotu ta yanke a biya su diyyar naira biliyan 30, daga baya aka daidaita a kan biliyan 3. Ba hurumin wannan takarda ba ne ta ce wace gwamnati ce ke da gaskiya. Abu biyu ne abin dubawa. Na farko, rajista a ƙarƙashin dokar kamfanoni, wadda aka sabunta a 2020, ita ta ba su damar tsayawa a kotu da suna guda. Na biyu, mutanen unguwannin da ke kewaye da filin, waɗanda kakanninsu suka yi sallar idi a wurin, ba a nemi ra'ayinsu a hukumance ba ranar da aka yanka, ba a kuma nema ba ranar da aka rushe. Makomar filin jama'a ta rataya ne a kan wanda ya ci zaɓe.

6. Kududdufi da ganuwa

Inda rashin muryar maƙwabci ya fi yin ɓarna shi ne wuraren da ba su da mai su. Kududdufan Kano ramuka ne da aka haƙi ƙasar gini da ta ganuwa a cikinsu, suka zama matattarar ruwan sama. Ba wanda ke ƙaunar kududdufi: ga sauro, ga shara, ga yaran da ke faɗawa. Shi ya sa idan aka fara cike shi da bola, mutanen unguwa kan yi murna, wasu ma su taya. Sai bayan an tayar da gini, damina ta yi tsakiya, ruwan da ya saba kwana a ramin ya rasa masauki ya shiga ɗakuna, sannan a gane aikin da ramin ke yi. Wanda ya bi titin Jami'ar Bayero ta jikin ganuwa zai ga inda ramuka da ganuwar kanta suka koma shaguna, duk da cewa tun 2007 ganuwar ke cikin jerin wuraren da Nijeriya ta gabatar wa UNESCO. Ambaliyar da ta shiga kasuwar Kantin Kwari a watan Agustan 2022 ta lalata kaya masu yawa, kuma gini a kan hanyar ruwa na cikin abin da aka ɗora wa laifi.

Ilimin inda ruwa ke bi yana wurin tsofaffin unguwa. Su suka san lungun da ke zama rafi a watan Agusta, da ramin da ba ya ƙafewa har bazara. Wannan ilimi ba ya cikin fayil ɗin da ke gaban jami'in da zai sa hannu, kuma babu matakin da aka tanada domin ya shiga.

7. Da yawun wa ake magana?

A nan dole a juyo da tambaya kan ƙungiyoyin kansu. Wanda ke zama a taron unguwa galibi mai gida ne, namiji, wanda ya daɗe a wurin. Ɗan haya ana karɓar kuɗin sintiri a hannunsa, amma ba a cika ba shi bakin magana ba, tunda ana ganin yau yana nan gobe ya tashi. Matar da ke wuni a gida, wadda ita ce hayaƙin janareta da ƙarar injin markaɗe suka fi damu, kuma ita ce ke sana'ar da duk wata dokar hana kasuwanci a gida za ta fara kashewa, ba ta zuwa ƙofar masallaci bayan isha'i.

Wannan na da tasiri a kan abin da ƙungiya ke yaƙa. Sau da yawa abin da ke tayar da hankalin masu gida ba gidan mai ba ne, bene ne na haya mai ɗaki-ɗaki. Za a ce zai kawo baƙin fuska, za a ce za a riƙa leƙen gidaje. Maganar leƙe gaskiya ce, kuma tana da magani a zanen gini: a ɗaga taga, a juya baranda ta kalli titi. Maganar baƙin fuska kuwa, idan aka bi ta, ƙarshenta shi ne malamin firamare da ɗan adaidaita sahu da saurayin da ke neman ciki da falo ya yi aure duk a tura su bayan gari, inda babu ruwa babu hanya, su riƙa ƙarar da abin da suka samu a kuɗin mota. Rukunin gidajen Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo da aka gina tsakanin 2011 da 2015 ba irin waɗannan mutane ne ke iya sayensu ba. Gidan haya na cikin unguwa shi ne gidan talakan Kano.

Amurka ta riga mu ganin ƙarshen wannan hanya. Tun da Kotun Ƙolinta ta halatta raba gari yanki-yanki a shari'ar garin Euclid a 1926, ƙungiyoyin masu gida suka riƙa amfani da wannan iko suna hana gina gidajen haya a kusa da su, har ta kai birnin Minneapolis ya amince a 2018 da tsarin da ya soke ware unguwanni domin gidan iyali guda kaɗai. Mu ma muna da namu darasin a yadi 440 na 1917. Don haka abin da nake nema wa ƙungiyar unguwa shi ne haƙƙin a sanar da ita kuma a saurare ta. Ban nema mata ikon hanawa ba. Ma'aunin kuma ya zama na fiƙihun da aka ambata a baya: wace cuta ce, wa za ta sama, za a iya kawar da ita ba tare da an hana ginin ba? Ko wane ne zai zauna a ciki ba ya cikin ma'auni.

8. Abin da ya dace a nema

Bahaushe ya ce tun ran gini tun ran zane. Abin da ya fi cancanta ƙungiyoyi su haɗa kai su nema a Majalisar Dokokin Jiha ƙaramin gyara ne: duk wanda ya nemi sauya amfanin fili, ko gina abin da ya wuce hawa biyu a unguwar zama, a wajabta masa kafa allo a bakin filin, da Hausar boko da ajami, mai bayyana abin da zai gina da wa'adin karɓar ƙorafi, kuma hukuma ta amsa kowane ƙorafi a rubuce kafin ta sa hannu. Wannan gyara ba ya cin kuɗin gwamnati. Yana kuma kare mai ginin, domin gara ya ji suka yana da zane a takarda da ya ji ta bayan ya zuba dakin. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda Kotun Ƙoli ta tabbatar a 2025 cewa ta hau kan jihohi, ta ba ƙungiya damar neman kofen zanen unguwarta da sharuɗɗan da aka gindaya wa kowane fuloti. Ƙungiya mai rajista, mai 'yan haya da mata a kwamitinta, ta fi ƙarfin yin wannan nema.

Akwai kuma aikin da ba ya jiran majalisa. Kowace ƙungiya na iya ɗaukar matasanta masu waya su zagaya da dattawa, a auna a kuma ɗauki hoton duk wani wuri na jama'a: kududdufi, hanyar ruwa, filin ƙwallo, harabar makaranta, iyakar maƙabarta, filin wakafi da sunan abin da aka bayar da shi dominsa. A buga, shaidu su sa hannu, a kai kofe Ma'aikatar Ƙasa a karɓo shaidar an karɓa. A unguwar awon igiya wannan takarda ce za ta zama zane na farko da unguwar ta taɓa mallaka.

Wurin ajiyar takardar shi ne abin da sai an yi hattara. Hankali zai fara kai wa ga mai unguwa, tunda shi ne uban ƙasa na kusa, kuma babu cinikin da ke wucewa bai sani ba. Amma shi ɗin ne ke sa hannu a takardar ciniki, kuma bisa al'ada yana da ɗan abin da ake ba shi idan ciniki ya faɗa, ga shi abin da yake samu daga hukuma bai taka kara ya karya ba. Ba adalci ba ne a ɗora wa mutum guda gadin filin da sayar da shi ne ke kawo masa abin cefane. Ya riƙe kofe ɗaya, limamin masallacin Juma'a ya riƙe ɗaya, shugabar makarantar matan aure ta unguwa ta riƙe ɗaya, kuma a riƙa karanta jerin wuraren a bainar jama'a sau ɗaya a shekara, kafin gayyar yashe kwata.